Rigar Baturen da Inna Ta Ce Ya Mutu

Ƙarar injin wutar Lawali ita ce agogonmu a ƙauye. Idan ya fara jan igiya, injin ya yi tari, ya yi atishawa, sannan ya kama da wata kuwwa mai koro kaji daga kan danga, duk yaron da ke garin ya san an kusa take ƙwallo a gidan kallo. Wanda aka aika yankan ciyawar rago sai ya cika buhu da iska, ya yayyafa ganye a sama. Wanda ya tafi rijiya da jaki, ranar jakin zai gane ashe shi ma doki ne. Ni shekaruna ba su kai na masu cewa "a zamaninmu" ba, gemuna ma har yanzu yana shawara ko ya fito ko ya fasa. Amma a wajenmu abu ba ya jiran mutum ya tsufa kafin ya zama labarin da. Ƙauyenmu yana can bayan Sakajiki, in an bar titi an bi hanyar daji. Yanzu muna zaune a Kaura, a gidan haya kusa da tsohuwar tashar jirgi, kuma yaran da suka tashi a nan in ka ce musu mun taɓa wuni a gona mu kaɗai muna korar tsuntsaye, babu babba ko ɗaya kusa, sai su dube ka kamar ka ce ka taɓa wuni a kan wata.

Filin ƙwallonmu gonar baban Lawali ce idan an girbe gero. Mu ke tuge kututturen kara da hannu, wanda ya ɓuya kuma ƙafarmu ce ke gano shi ranar wasa. Itace biyu da igiyar guga a sama, shi ke nan an yi raga. Ana tsakiyar wasa shanun Fulani za su ratso, a ɗauke ƙwallo a tsaya har ɗan maraƙin ƙarshe ya wuce yana waiwayenmu, kuma babu mai fushi, don yaran da ke kora su gobe suna cikin masu buga mana gaba. Daga cikin gari ana jiyo luguden mata, da muryar masu tallan nono, da ladan yana gyara murya kafin la'asar. Dattawa na zaune gindin tsamiya suna cewa ba su taɓa ganin wauta irin ta ƙato ya bi fata da gudu ba, in ya cim mata kuma ya sake harba ta gaba. Amma in mun dawo su ne na farkon tambayar wa ya ci. Mukan je wasa har Galadi, har ƙauyukan Zurmi, babur ɗaya ya kwashi rabin ƙungiya, na ƙarshe yana zaune a kan iska da ikon Allah. A Kaura yanzu fili ya fi namu kyau nesa ba kusa ba, akwai raga ta gaske, yara har da takalma masu ƙusa. Sai dai wasa daga wannan unguwa ne zuwa waccan. Ka ce wa uwa za ka Galadi buga ƙwallo, ka ga yadda za ta ajiye muciya ta dube ka.

Lawali shi ne mai gidan kallo, shi ne kocinmu, shi kaɗai ne kuma mai babbar waya a garin. Wata shekara ya haɗa mana wasa da yaran Gurbin Bore, za su zo bayan an gama girbi, har da alƙalin wasa na gaske daga Kaura. Alƙalin ya aiko da sharaɗi: duk wanda bai sa riga iri ɗaya da ta 'yan ƙungiyarsa ba, ba zai taka fili ba. Mu kuwa har lokacin bambancin ƙungiya a wajenmu shi ne waɗannan su tuɓe riga, waɗancan su bar tasu. Sai Lawali ya nufi kasuwar Kaura wurin Oga Sunday, wani mutumin kudu mai sayar da gwanjo, wanda ya daɗe a garin har Zamfarancinsa ya fi nawa. Aka yi sa'a ya fasa dila, ga rigunan wani ƙaramin kulob na Ingila, ruwan toka da jan ratsi, daidai yawanmu babu ragi babu ƙari. Duka lamba ce kawai a bayansu, ban da guda ɗaya mai suna a saman lambar. Da aka zube su a tabarma, na yi wani tsalle da har yau ban sake yin irinsa ba, na faɗa kan mai sunan.

To al'adarmu a fili ita ce kowa yana da sunan wani shahararren ɗan wasa da ya laƙa wa kansa, ko mutane sun yarda ko ba su yarda ba. Ni kuwa ga nawa a rubuce. Babu wanda ya taɓa jin sunan, ko a rediyo ko a gidan kallo, amma wannan bai dame ni ba. Daga ranar aka daina kira na Bashiru. Na riƙa sa rigar in je rijiya, in je kiwo, in je aike, ina tafiya a karkace don na baya su samu damar karantawa.

Kakata, wadda kowa ke kira Inna Ige, ita ta rene ni, a ɗakinta nake ajiye kayana. Ita ake kira in mace ta rasu a garin don wanka da suturta ta, saboda haka in dai maganar mutuwa ce, in ta faɗa ta zauna, liman ma sai ya gyaɗa kai. Wata rana tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, yara suka tsaya a ƙofa suna ƙwala mini kira da sunan Baturen, na amsa da ƙarfi.

Ta ce, "Kai, maigidan, wa anka kira ka amsa?"

Na juya mata baya ina nuna rubutun da babban yatsa. Na ce, "Sunana na ƙwallo ne, Inna. Na wani Bature ne."

"Ina ka samo rigar?"

"Gwanjo."

Ta ajiye ƙwaryar. Ta ce, "Ɗebe ta."

A wurin Inna, kuma ba ita kaɗai ba, kayan gwanjo kayan matattun Turawa ne. In ba mutuwa ba, wa zai rabu da riga lafiyayya babu ko ɓula? Na ce mata ai wandon da ke jikina ma gwanjo ne, ita da kanta ta saya mini. Ta ce wandon bai da suna, mai shi ya tafi ya bar shi, ba ruwan kowa. "Amma wanga, ana kiran mamaci kana amsawa. Rannan in anka kira shi can, kai za ka amsa?" Na ce to a kankare sunan. Ta ce ko na kankare ita ta riga ta sani. Ta ninke rigar, ta sa a ƙasan adakarta, ta ɗora kwallayenta a kai, ta koma kan gyaɗarta kamar ba a yi komai ba.

Babu riga, babu wasa. Babu kuma rarar riga, kuma in faɗi gaskiya, ƙwallona ba ta kai wani ya tuɓe tasa ya ba ni ba. Na yi kuka, na yi yajin cin tuwo daga azahar har zuwa lokacin da aka sauke tukunya, duk a banza. Daga ƙarshe Inna ta ce abu ɗaya ne zai fitar da rigar daga adaka: ta ga mai ita da ransa, da idonta.

Nan muka shiga neman Mai Riga, don sunan da muka koma kiransa ke nan. Waya ba ta kamawa a garin sai a kan tudun makarantar firamare, nan ma sai an ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Lawali ya rubuta sunan, muka jira har na fara tsufa, sai ga shi ya fito. Ashe akwai shi. Mai tsaron baya ne. Tun yana yaro wani babban kulob ya ɗauke shi, aka yi ta cewa zai zama wani abu, bai taɓa buga musu ko wasa ɗaya ba. Suka ba da shi aro ga wani ƙaramin kulob, aka dawo da shi, aka sake ba da shi ga wanda bai kai wancan ba. Ya karye a ƙafa, ya warke, aka sallame shi. Daga nan ya riƙa gangarawa rukuni bayan rukuni, yau wannan gari gobe wancan, har ya kai inda 'yan kallo ba su fi na ranar sunan ɗan mai unguwarmu ba. Shi ya sa ba mu taɓa ganinsa a talabijin ba. Irin wasanninsu ko masu kyamara ba sa zuwa.

Muka kai wa Inna hotonsa a waya. Ta kalla ta ce hoton mijinta ma yana nan a ɗaki, shi kuma yana maƙabarta. Muka nuna mata wani guntun bidiyo yana gudu. Ta ce an ɗauka tun yana da rai. Amma labarinsa ya kama ta, kullum in na zauna taya ta ɓarar gyaɗa sai ta ja ni da tambaya.

"Ka ce aro anka ba da shi?"

"Aro, Inna."

"Mutum? Kamar galma?"

"Haka suke yi."

"In sun gama noman su maido shi?"

"Wani lokaci ma ba sa son a maido."

Ta girgiza kai. "Uwarsa na ina anka yi mishi haka?" Da na gaya mata garuruwan da ya zauna, ta ce ko Fulanin da ke tafiya cin rani sun fi shi zama wuri ɗaya, su aƙalla damina na maido su gida. Da na kai kan karaya, ta ce to ai ga shi nan, wanda ya sha wannan wahala ina zai kai yanzu. Wato duk hujjar da na kawo don in nuna yana raye, ita sai ta ƙara mata tabbacin ya mutu.

Gero ya shiga rumbu, aka fara tugar kututture, ni ina cikin masu tuga ba tare da na san ko zan taka filin ba. Sai wata rana Lawali ya gangaro daga tudun makaranta da gudu har takalminsa ɗaya ya riga shi isowa. A Ingila akwai wata gasar kofi da ake haɗa manya da ƙanana a jefa ƙuri'a, kuma ƙuri'a ta haɗa kulob ɗin Mai Riga na lokacin da ɗaya daga cikin manyan da muke kallo kullum. Za a nuna wasan kai tsaye, da rana tsaka.

Mace ba ta taɓa shiga gidan kallon Lawali ba. Rumfar zana ce da rufin kwano, da bencina, da zafi irin wanda in ka shiga da ɗanyen ƙwai za ka fito da dafaffe. Ranar an cika maƙil, ana ta musu, sai ga Inna Ige a bakin ƙofa da sandarta, da mayafi, da wani ƙunshi a hammata. Kowa ya waiwayo. Masu taba suka haɗiye hayaƙi. Wani ƙato da ke zagin alƙalin wasa ya ƙarasa zagin da salati. Lawali ya share mata benci na gaba da hularsa.

Ta zauna ta ce, "Wane na shi?"

Ba ya cikin fili. Na duba fuska bayan fuska, babu shi. Lawali ya ce yana benci, wato cikin masu jiran canji. Inna ta ce, "Awo. Can ma aron benci anka ba shi." Aka fara wasa, manyan suka shiga zura ƙwallo kamar masu zuba gero a buhu. Kyamara takan leƙa bencin ƙananan ta wuce kafin in ce ga shi. Ni ban ga wasan nan ba, gefen allo kawai nake kallo. Aka tafi hutu aka dawo, shiru. Inna ta fara gyara mayafi, ta ce la'asar ta kusa, ita ba za ta bar salla don jiran mamaci ba.

Ta dafa sanda ke nan sai aka ɗaga allon canji. Wani dogo mai sanƙo ya tuɓe rigar sanyi, gwiwarsa ɗaure da farin ƙyalle, ya juya baya yana jiran a ba shi hanya. Na yi wata ƙara da na tabbata an ji ta a Shinkafi. Inna ba ta karatun boko. Sai ta kwance ƙunshin nan, ta fito da rigata, ta matsa gaban talabijin ta ɗaga ta kusa da allo, tana duba zanen haruffan nan da na can, ɗaya bayan ɗaya, ta tare wa kowa kallo, kuma babu wanda ya iya cewa ta matsa.

Ta ce, "Zanen ɗaya na. To wa ya ce ba tsohon hoto ba ne?"

Lawali ya fara rantsuwa, ta ɗaga masa hannu. A daidai lokacin wani ɗan wasan manyan ya taho da ƙwallo, ya yi wa Mai Riga wata yanka, Mai Riga ya tafi gabas ƙwallo ta tafi yamma, ya zauna daɓas a ƙasa. Ya tashi ya bi yaron, ya kwashe masa ƙafafu ta baya. Gidan kallo ya kaure, rabi na rantsuwa jan kati za a ba shi, rabi na cewa gargaɗi ne, har wasu biyu suka cakumi kwalar juna. Inna ba allon take kallo ba, su take kallo. Da alƙali ya ɗaga katin gargaɗi, rabin ɗakin suka yi tsalle, rabi suka dafe kai.

Ta ce, "Da tsohon abu ne, da waɗanga sakarkaru sun san ƙarshensa." Ta sake duban Mai Riga yana ɗingishi yana haki, ja ya hau masa har kunne. "Shina da rai. Ba da yawa ba, amma shina da rai."

Ta miƙo mini rigar, amma ba ta saki ba sai da ta kafa sharaɗi a gaban kowa: ranar da ya mutu, ranar zan tuɓe ta. Don haka wajibi ne in riƙa bincikawa ina gaya mata halin da yake ciki.

Yaran Gurbin Bore suka zo a kan babura, alƙali ya zo da usur da gajeren wando, har dattawan gindin tsamiya suka matso da buzayensu bakin fili. Na tsaya a layi da rigata, alƙali ya duba ya wuce. Lawali ya ajiye ni a benci, wanda a wajenmu kututturen giginya ne, sai can kusa da tashi ya sa ni. Na taɓa ƙwallo da ƙeya, ba da niyya ba, ta fita waje, mutanen garinmu suka yi ta kiran sunan Baturen kamar na ci kofin duniya. Aka tashi babu wanda ya ci wani. Aka yi alkawarin mu ma za mu je can in an yi girbi na gaba. Kafin girbin na gaba hanyar ta lalace, ba da ruwa ba. Aka fara tare mutane, aka fara kwana da takalmi a ƙafa, gida bayan gida suka ɗaure kaya. Lawali ya sayar da injin, yanzu yana gyaran waya a bakin tasha. Gonar babansa, in ji waɗanda suka leƙa, ciyawa ta kai wuyan mutum.

Rigar ta matse ni tuntuni, wani ƙanena ke sa ta, ya gaji sunan har da tafiyar a karkace. Amma Inna ba ta janye sharaɗinta ba. Yanzu ba ta fita wankan gawa, a Kaura akwai masu yi, kuma ba su san ta ba. Tana zaune a ƙofar ɗakin haya, in na dawo daga makaranta takan ce, "Maigidan, Mai Riga na nan?" In duba waya, wadda a nan take kamawa ko a cikin bargo, in ce yana nan, ya sake kulob. Ta ce Allah ya kyauta.

Kwanan baya na duba na ga ya ajiye ƙwallo. Gwiwar ce ta ƙi. Na gaya mata, na ƙara da cewa ba mutuwa ya yi ba, kada ta tashi neman adaka.

"To mi yaka yi yanzu?"

"Yana koya wa yara ƙwallo. An ce wani lokaci yana tuƙa motar kai kaya."

"A wane gari kuma?"

"Garinsu, Inna. Inda aka haife shi. Ya koma gida."

Ta juya tana kallon katangar maƙwabta da ta tare mana gabas. Sannan ta jawo ƙwaryar gyaɗarta, wadda yanzu a kasuwa muke saye.

Ta ce, "Ashe ana komawa. Bar yaron ya sa rigar."